Ƙarfen Da Ya San Inda Kake Tsaye: GPS Daga Sama Zuwa Gulbin Zamfara

Cikin hunturun bara wani ɗan kawuna ya turo mini saƙon murya ta WhatsApp daga ƙasar Yawuri, inda yake zuwa su duk rani. Ya ce hazo ya rufe su a tafkin Kainji. Ya kafa kalli da yamma, da asuba ya fita ɗauko shi, ya yi ta kewaya a kan ruwa har rana ta take bai gane wurin ba. Man injin ya ƙare, kallin da ya ci bashi ya saya ya tafi ke nan. A bakin gaɓa ya ga wani abokin sana'a da wata 'yar na'ura mai ruwan ɗorawa wadda ke mayar da shi daidai inda ya bar kayansa. "Yaya," in ji shi, "kai ne ɗan kwamfuta. Wace iri zan saya?"

Sana'ata rubuta manhaja, don haka na ɗauka amsar ba za ta ci mini minti biyar ba. Sai da na je gida Bukkuyum na kai wa kawu maganar, shi da ya tsufa da koma a hannu, na gane tambayar ta fi haka zurfi.

"Kai ɗana, wanga ƙarhe ya san inda ruwa za ya bi baɗi?"

Na ce a'a, Kawu.

"Ya san inda kihi ka kwana?"

Na ce bai sani ba.

"To mi yas sani?"

Na ce ya san inda mutum yake tsaye.

Ya yi dariya. "Ai ko ni na san inda nike tsaye."

Dariyar nan ce ta sa na koma bin tarihin na'urar, da tarihin yadda mutanen ƙasarmu suke gane wuri tun kafin ta zo. Abin da na tarar shi ne duk lokacin da GPS ta yi mana amfani na gaske a Anka da Bukkuyum da Gummi, sai da wani ɗan ƙasa ya fara gaya mata sunan wurin da abin da ke cikinsa. Wanda ya san wannan, zaɓen na'ura ba zai ba shi wuya ba.

Kafin ƙarfe ya zo

Gulbin Zamfara ya taso daga gabas, ya ratsa ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, ya wuce Jega, sannan ya zuba a Gulbin Sakkwato. Gulbin Ka kuma yana kudu da shi. Da damina gulbi ya cika ya malale fadama, da rani ya janye ya bar rairayi, ruwa ya tsaya a gurabe masu zurfi. A nan tarwaɗa da ƙurungu da ragon ruwa suke taruwa su jira damina.

Taswirar masunci a kansa take. Yana gane gurbi da tsamiyar da ke kan gaɓa, da dutsen da ke fitowa idan ruwa ya ja, da launin ruwa, da yadda yake juyawa. Kowane gurbi da sunansa, kuma sunan yakan ɗauki labari: inda jirgi ya taɓa kifewa, inda kada ya taɓa zama, inda ba a shiga sai sarkin ruwa ya ba da izini. Wannan dokar ta hana shiga wani ruwa har sai ranar da aka sa ita ce ke bai wa kifi damar girma. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, a kan irin wannan doka ya ginu.

A tudu ma haka ne. A ƙarni na 19 ayarin fataken goro yakan tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, tafiyar watanni, kuma Gummi na cikin garuruwan da suka yi suna da wannan fatauci, domin a nan Kambarin Barebari suka yi zamansu. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai shiga gaba ya duba hanya da zango. Saninsu jerin sunaye ne: daga wannan rijiya zuwa waccan mashaya yini guda, a gari kaza ana biyan fito, a daji kaza ba a kwana. Da dare kuma akwai taurari. Gamzaki ya fito an san asuba ta kusa, Kaza da 'ya'yanta tana gaya wa manomi inda shekara ta kai.

Madubin rana a fadar Bello

Awon wuri da lamba ya shigo ƙasar nan da matafiyan Turai. A watan Maris na 1824 Hugh Clapperton, wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, ya ratso ta Zamfara ya isa Sakkwato. Ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kayan aikinsa, ciki har da na'urar madubi da ake auna tsayin rana da ita don a san nisan wuri daga tsakiyar duniya. Clapperton da kansa ya rubuta cewa Bello ya san burujai da taurari da dama da sunayensu na Larabci. Amma abin da Baturen ya zo nema, wato inda Kwara ta nufa, na'urarsa ba ta iya gaya masa ba. Sai da ya tambaya. Taswirar da ya samo a fadar Bello an buga ta a Landan a 1826 cikin littafin tafiyar.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, safiyo suka biyo baya. Suka riƙa hawa duwatsu suna kafa alamomi, suna auna kusurwa daga wannan dutse zuwa wancan har suka saƙa ƙasar duka da layuka. Tushen awon nasu wata alama ce a kusa da Minna mai lamba L40, shi ya sa ake kiran tsarin da sunan Minna. Tsofaffin taswirorin gwamnati da takardun filaye da yawa a kansa aka yi su. Ka riƙe wannan suna, za mu dawo kansa.

Daga Sputnik zuwa aljihu

Ranar 4 ga Oktoba 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Wasu masana biyu a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, William Guier da George Weiffenbach, suka lura cewa sautin da yake aikowa yana sauyawa idan yana tahowa da idan yana wucewa, kamar yadda ƙarar babur ke sauyawa idan ya gifta ka. Da wannan suka lissafa hanyarsa. Sai aka juya lissafin: in ka san inda tauraro yake, za ka iya sanin inda kai kake. Daga nan aka gina tsarin Transit, wanda jiragen ruwan yaƙin Amurka suka fara aiki da shi a 1964.

A 1973 ma'aikatar tsaron Amurka ta amince da sabon tsari mai suna NAVSTAR GPS ƙarƙashin Kanar Bradford Parkinson, aka harba tauraro na farko a Fabrairun 1978. Cikin waɗanda suka yi aikin bayan fage akwai Gladys West, baƙar fata masaniyar lissafi, wadda ta shafe shekaru tana rubuta wa kwamfuta umarnin fitar da ainihin siffar duniya. Duniya ba mulmulalliya ba ce sarai, kuma in ba a san siffarta ba duk awon banza ne.

Don soja aka yi tsarin. Ranar 1 ga Satumba 1983 wani jirgin fasinja na Koriya ta Kudu ya kauce hanya ya shiga sararin Sobiyet, aka harbo shi, mutum 269 suka mutu. Bayan haka Shugaba Ronald Reagan ya sanar cewa farar hula ma za su amfana da GPS idan an kammala ta. A 1989 kamfanin Magellan ya fitar da NAV 1000, na'urar hannu ta farko da aka sayar wa jama'a. Ta kai girman bulo ƙarami, tana cin batir shida, kuɗinta wajen dala dubu uku, kuma masu jiragen ruwa aka nufa da ita. A shekarar ne kuma Gary Burrell da Min Kao suka kafa kamfanin da ya zama Garmin, sunan da aka haɗo daga sunayensu biyu. Ke nan tun ranar farko mutanen ruwa ne kasuwar wannan na'ura, domin a kan buɗaɗɗen ruwa babu tsamiya, babu dutse.

Yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya fito da ita fili, lokacin da sojoji suka ratsa hamada da ita. A 1995 aka bayyana tsarin ya kammala da taurari 24. Duk da haka sojan Amurka na gurɓata siginar farar hula da gangan, kuskure yakan kai mita 100. Sai a farkon Mayun 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina, dare ɗaya kuskuren ya sauko zuwa wajen mita goma. Yau akwai GLONASS ta Rasha, da Galileo ta Tarayyar Turai, da BeiDou ta China wadda aka kammala a 2020, kuma yawancin sababbin na'urori suna sauraron fiye da ɗaya.

Yadda take sanin inda kake

Taurarin suna nisan kusan kilomita 20,200 a sama, kowanne na kewaya duniya sau biyu a yini. Kowanne yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, kuma abin da yake ta faɗa ba dare ba rana shi ne ga ni nan, ga lokaci. Na'urarka tana duba tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, ta mayar da shi nisa.

A ce wani ya gaya maka yana kilomita 50 daga Anka, kuma 40 daga Gummi. Wurare biyu ne za su dace da haka, ɗaya arewa ɗaya kudu. In ya ƙara gaya maka nisansa daga Zuru, magana ta ƙare. Haka na'urar ke yi, sai dai tana buƙatar tauraro na huɗu don ta gyara nata agogon mai araha. Saƙon na gudu da saurin haske, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya kai mita 300 a ƙasa.

Abu biyu suka fito daga nan. Na farko, na'urar saurare kawai take yi, ba ta aika komai, ba ta buƙatar layin waya ko data. Na biyu, abin da take bayarwa lambobi biyu ne: nisa zuwa arewa da nisa zuwa gabas. Garin Bukkuyum yana wajen digiri 12 da minti 8 arewa, digiri 5 da minti 28 gabas. Lambobin ba su san akwai kasuwa a wurin ba, ko maƙabarta, ko guba.

Shekarar dalma

Na fara ganin na'urar GPS ta hannu da idona a 2010, ina ɗalibi na zo hutu, a rataye a wuyan baƙin da suka cika garinmu a shekarar.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF da ke sa ido kan sanƙarau da ƙyanda suka tarar da ƙananan yara na mutuwa da jijjiga a wasu ƙauyukan Bukkuyum da Anka, kuma maganin zazzaɓi bai yi musu komai. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi, mutane suna kawo duwatsun ma'adini cikin gida suna dakawa suna niƙawa da injin niƙan hatsi, dutsen kuwa cike yake da dalma. Ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi da jami'an Najeriya a ƙauyuka biyu na farko ya nuna yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Gaba ɗaya an kiyasta aƙalla yara 400. MSF ta buɗe sashen jinya a asibitocin Bukkuyum da Anka.

Magani ba ya amfani idan yaro zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta sa masa ciwon. Dole a kankare saman ƙasar kowane gida da ya gurɓata, a kwashe, a binne a rami, a zubo mai tsabta. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith tare da ma'aikatar muhalli ta jiha suka fara da 'Yargalma da Dareta a tsakiyar 2010, sannan Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da Duza. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka share ta, bayan matsin lamba irin na gangamin da Hamzat Lawal da abokansa suka yi don a saki kuɗin.

Wannan aiki duka aikin sanin wuri ne. Wane gida, wace rijiya, wane kududdufi, wane rami aka binne guba a ciki. Dalma ba ta ruɓewa. Bayan shekara talatin, idan waɗanda suka haƙa ramin sun shuɗe, lambobi biyu da aka rubuta daidai za su iya hana wani ya yi gona ko ya haƙa rijiya a kai. A nan na'urar ta fi ƙwaƙwalwar mutum.

Sai dai ka dubi yadda aka gano ƙauyukan da kansu. A watannin Oktoba da Nuwamba 2010 masu bincike suka so sanin iyakar bala'in a Anka da Bukkuyum da Maru. Babu taswirar da za ta nuna musu inda ake niƙan dutse. Suka bi hanyar tambaya: a je wannan ƙauye a ce wa kuka sani yana wannan aiki, a nuna wani, can ma a sake tambaya. Da haka suka tara sunayen ƙauyuka 131, suka samu zuwa 74. Hanyar jagaba ce ta zamanin ayari. Na'ura tana rubuta wurin ne bayan mai unguwa ya nuna shi da yatsa.

Rugar da ba ta cikin takarda

Bayan shekara biyu aka sake ganin haka a yaƙi da shan-inna. A 2012 Najeriya ta samu yara 122 da suka kamu, fiye da rabin na duniya duka. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne taswirorin da masu rigakafi ke bi da hannu ake zana su, kuma tunga ko rugar da ba ta cikin zanen babu mai zuwa. Aka ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam na jihohin arewa, har da Zamfara, aka fitar da kowane rukunin gidaje, aka bai wa ayarin masu rigakafi wayoyi masu GPS da ke rubuta sawunsu. Da yamma sai a ga inda aka taka da inda aka tsallake. Amma hoton sama rufin ɗaki kawai yake nunawa. Sai da aka tura mutane ƙafa da ƙafa suka tambayo sunan kowane wuri. Ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali.

A Satumban 2021 kuma gwamnati ta rufe layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga. Babu kira, babu intanet, makonni a birni, fiye da haka a ƙauye. Da yawa sun ɗauka taswirar wayarsu ma ta mutu. Wanda ya riga ya sauke taswira cikin wayarsa kuwa ya ga ɗigon nan mai shuɗi yana nan yana tafiya da shi, domin daga sama yake karɓa, ba daga turken kamfanin waya ba.

To wace iri za a saya?

Ga abin da na gaya wa ɗan kawuna, kuma duk daga wannan tarihi na tsamo shi.

Ka fara da tambayar ko kana buƙatarta. A Gulbin Zamfara, inda kake ganin gaɓa biyu, idonka ya ishe ka. Kainji daban ne. Tun da aka kammala madatsar a 1968 ruwa ya haɗiye tsohon garin Bussa da ƙauyuka da dazuzzuka, aka tashi mutane sama da dubu arba'in. Faɗin tafkin ya haura kilomita 20 a wani wuri, a ƙarƙashinsa kuma akwai kututturan itatuwa masu yage raga su fasa jirgi. A irin wannan ruwa, cikin hazo, na'urar na iya fanshe kuɗinta a rani ɗaya.

Wayar da ke aljihunka ma tana da GPS, kuma daidaitonta bai gaza na na'urar hannu sosai ba. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps suna barin ka sauke taswira ka ajiye alamomi ba tare da data ba. In za ka sa ta a jakar leda mai hana ruwa, ka gwada wannan tukuna kafin ka kashe kuɗi. Rauninta huɗu ne: caji ba ya kai yini, fuskarta ba ta ganuwa a tsakar rana, jiƙaƙƙen yatsa ba ya aiki a kanta, kuma in ta faɗa ruwa ka yi asarar waya da lambobin mutanenka gaba ɗaya.

In na'urar hannu za ka saya, batir ne farkon abin dubawa. Ka nemi mai cin batir biyu irin na tocila ƙarama, AA, wanda ake samu a kowace kasuwar ƙauye. Ƙananan Garmin eTrex sukan yi wajen awa 25 da guda biyu. Mai batir a manne, wadda sai an sa a caji, ba ta dace da tungar da babu wuta ba.

Sai ruwa. Ka duba alamar IPX7, ma'anarta na'urar za ta jure nutsewa mita ɗaya na minti 30. Jure ruwa daban, yin iyo daban. eTrex tana nutsewa, amma irin su GPS 73 da GPSMAP 79 an yi su su taso sama. Kowacce ka saya, ka ɗaura mata igiya da ɗan gora ko guntun soso. Ka zaɓi mai maɓallai, ba ta shafawa ba.

Kada mai shago ya ruɗe ka da taswira mai launi. Taswirorin da ke zuwa cikin na'urorin nan ba su san tungayenmu ba, ba su san inda ruwa ya kai bana ba. Abin da kake biya shi ne ajiye alama, da rubuta sawu, da kibiyar da za ta mayar da kai. Mafi arha ma tana yin waɗannan uku, da kuskuren mita uku zuwa biyar a fili. Kibiyar wasu ba ta sanin gabas da yamma sai jirgi na tafiya. In kana so ta nuna kana tsaye, ka nemi mai kamfas a ciki. Kuma GPS ba ta ganin kifi. Na'urar da ke leƙa ƙarƙashin ruwa da sauti wata aba ce dabam.

Ka tabbatar ana iya fitar da alamominka zuwa waya ko kwamfuta a tsarin GPX, kuma ka kwafe masu muhimmanci a littafi da biro. Wajen kwafewa ka kula da yadda aka rubuta lambar. Digiri 12 da minti 8 ba shi ne 12.08 ba, 12.13 ne. Wanda ya haɗa su zai sauka kusan kilomita 6 daga inda ya nufa. Na sha ganin wannan kuskure a bayanan da ake kawo mana ofis. Sannan maganar Minna: GPS tana aiki da tsarin WGS 84. In ka ɗauko lamba daga tsohuwar takardar fili da aka auna da tsarin Minna ka zuba ba ka sauya ba, a yankinmu za ka kauce da kusan mita 80. A kan ruwa asarar kalli ce, a kan iyakar gona kuwa shari'a ce.

In ta hannu ce, kada ka biya a cikin shago. Ka fita fili ka kunna. Wadda ta daɗe a kashe tana iya ɗaukar kusan kwata na awa kafin ta gama karɓar jadawalin taurari, wannan ba lalacewa ba ne. Ka sa alama, ka yi taku ɗari biyu, ka ce ta mayar da kai.

Na ƙarshe ba a rubuce yake a kwali ba. A ƙasarmu yau zargin zama infoma yana iya cin ran mutum, kuma na'ura mai eriya tana kama da wayar oba-oba a idon wanda bai sani ba. Ka zaɓi ƙarama marar doguwar eriya. Ka kai wa sarkin ruwa da mai gari su gani, ka nuna musu ba ta kira, ba ta aika saƙo. Kada ka fito da ita a hanyar daji ko a shingen bincike don burgewa.

Abin da ba ta sani ba

A Satumban 2024 jirgi ya kife a Gummi da manoma masu tsallakawa gona, gomman mutane suka rasu, makonni kaɗan bayan ambaliya ta ci garin. Babu wanda ya ɓata hanya a ranar. Kowa ya san mashigin. Na'ura ba ta rage lodi, ba ta toshe jirgi mai yoyo, ba ta zama rigar ruwa. Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi biyu ba, ya fara da rigar.

Ɗan kawuna ya samu ta hannu, mai ruwan ɗorawa, mai batir biyu. Da ya dawo gida kafin damina muka tafi bakin gulbi mu uku. Kawu ya tsaya a tsakiyar wata gonar albasa ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce nan ya kama ragon ruwa mafi girma a rayuwarsa, lokacin ruwan ya shanye mutum a tsaye. Gulbin ya koma can gefe, rairayi ya cike wurin. Da an sa alamar a na'ura a wancan lokaci, da har yau kibiya tana nuna albasa.

Daga nan ya riƙa bin gaɓa yana kiran sunayen gurabe, ɗansa na dannawa yana rubutawa. Ya faɗi wanda ke riƙe ruwa har bazara, da wanda ke da kututture a gindi, da wanda ba a shiga sai an yi shela. Muka rubuta tara. Da muka zo wata kwana inda ruwa ya yi duhu a ƙarƙashin wata gawo, sai ya yi shiru ya wuce. Ɗan ya tsaya da yatsa a kan maɓalli.

"Baba, wannan fa?"

"Wanga ba a sa shi cikin ƙarhe," in ji kawu. "Ƙarhe ana aro nai, ana sace shi. In ka dawo da kaka, ka taho da koma, in gwada maka."